Jakar da Baba Ya Gwada a Farin Gada

Wata Asabar cikin daminar shekarar 2002, da hantsi, bayan ruwan safe ya ɗauke, Umma ta shimfiɗa tabarma a tsakar gidanmu ta jera kayan aikin Baba a kai: kyamararsa baƙa mai cin fim, fitilarta mai walƙiya, batura da 'yan gwangwanayen fim. Ta yago ƙyallen tsohuwar atamfa ta auna tsawonsu da faɗinsu, tana ƙulli duk inda awo ya tsaya, sannan ta damƙa mini ƙyallen a hannu. Shekarata tara a lokacin, kuma ba a taɓa ba ni aikin da ya wuce jan ruwa a rijiya da wanke-wanke ba. "Ke za ki bi shi kasuwa," in ji ta. "In na bar shi shi kaɗai, wata ƙatuwar jakar zai jajibo mana." Baba na zaune a bakin ƙofa yana kurɓar shayi, ya yi kamar ba da shi ake ba.

Baba mai hoto ne, kuma ba shi da shago, ƙafarsa ce shagonsa. Bikin suna a unguwarmu, ɗaurin aure a Jos Jarawa, bikin coci a Tudun Wada, wasan ƙarshen shekara a makarantun firamare, duk inda aka taru za ka hango shi ya ɗan ranƙwafa, ido ɗaya a rufe, yana cewa a matso a yi murmushi. Kayansa kuwa a cikin wani akwatin kwano yake zuba su, wanda ya gada daga kakanmu da ya zo Jos haƙar kuza tun yana saurayi. Akwatin ya sha fenti har ba a san ainihin launinsa ba, kuma makullinsa na da taurin kai, sai an lallaɓa shi kafin ya buɗe. Mu yara mun fi kowa son wannan sana'a, saboda gwangwanayen fim da suka ƙare namu ne. A cikinsu muke adana duwatsun carafke da tsakiyar da muka tsinto a gidan biki, da su muke awon garin ƙasa idan muna wasan 'yar tsana a gindin gwaibar gidanmu. Da yamma, in mun gama shara mun kora kaji akurki, sai mu zauna mu ɗaga baƙin fim ɗin da aka riga aka wanke muna duba shi a hasken rana, muna dariyar amaren da suka koma masu farar fuska da baƙaƙen haƙora. Ni Uwani Baba yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, kuma ban taɓa jin ainihin sunana a bakinsa ba.

Rikicin da ya girgiza garin a shekarar da ta gabata shi ya canja komai. Ban ga abin da manya suka gani ba, amma na ga hayaƙi ta saman katangarmu, na kuma ga bencin ajinmu ya rage mutane da aka koma makaranta. Ƙawata da muke 'yar gala-gala tare a bayan aji ba ta dawo ba, aka ce sun tashi, ba wanda ya faɗa mini inda suka koma. Shingayen sojoji suka cika tituna. A gida aka kafa mana doka: kada mu wuce kan kwana, kuma in baƙo ya tambayi sunanmu ko na mahaifinmu a inda ba mu sani ba, mu kama bakinmu, domin a lokacin suna kaɗai ya isa ya nuna ɓangaren da mutum yake. Gari ya yi shiru, amma irin shirun da ko murfin tukunya ya faɗi sai gaban kowa ya faɗi tare da shi. Baba dai bai daina fita ba, tunda da kyamarar muke ci. Sai wata rana ya dawo bayan la'asar, leɓɓansa a bushe, ya ce an tsayar da shi a shinge an ce ya buɗe akwati, makullin kuma ya zaɓi ranar ya ƙi buɗewa. Yana ta kokawa da shi, bakin bindiga na kallon ƙeyarsa. Daga ranar Umma ta tura akwatin ƙarƙashin gado ta ce ya gama aiki.

Ranar Asabar ɗin, kafin mu fita, Umma ta tsaya a zaure tana jaddada masa irin jakar da take so. Ƙarama, ta rataya a kafaɗa, kada ta yi launin kayan soja, kada ta kasance mai zif ɗin da zai cije, a iya buɗe ta da hannu ɗaya a ga duk abin da ke ciki. Baba na ta gyaɗa kai yana murmushi, har ta rage murya ta ce, "Malam, wadda za ka iya gudu da ita." Ba ta so na ji ba, amma na ji. Ni a sanina Baba ba ya gudu, ko ruwan ƙanƙara ne ya tare shi a hanya tafiyarsa yake yi a natse, kuma sai a ranar na fahimci cewa duk safiyar da ya fita, Umma na zaune ne da tunanin za a iya biyo shi.

Kyamarar ba ta bi mu ba, Umma ta ce ba a kai ta cikin turmutsutsu ba dalili. Muka hau tasi zuwa Farin Gada, inda wasu 'yan gwanjo ke baza kaya a gefen kasuwar kayan gwari. Ƙasa duk caɓi, ganyen kabeji da ruɓaɓɓen tumatir sun kwaɓe da laka, 'yan dako na sauke buhunan dankalin turawa daga manyan motoci suna ihun a ba su hanya. Mai jakunkunan wani ɗan tsamurmurin mutum ne mai zaƙin baki, ya tara su tuli guda a kan leda. Idon Baba ya faɗa kan wata baƙa mai aljihuna barkatai da soso a ciki, ya ɗaga ta yana shafawa kamar ya ga ɗan'uwansa. Na fito da ƙyallena na auna, na ce ta yi girma. Ya ce, "Uwani, ke ma kin koma ɓangaren Ummanki?" Wata zif ɗinta ya cije tun a hannun mai ita. Wata kuwa koriya ce shar, kamar kayan soja, muka ajiye ta. Can ƙasan tulin na zaƙulo wata 'yar ruwan ƙasa mai murfi da maɓalli ɗaya, igiyarta mai faɗi, cikinta da ɗan laushi. Ƙullin Umma ya zauna mata daidai ta kowane gefe. Na ji kaina ya yi girma.

Baba ya rataya ta, ya ce ai jaka ba a sanin halinta sai da nauyi a ciki. Ya sunkuya ya tsinci duwatsu a bakin kwata, yana jinjina su a tafin hannu har suka kai nauyin kyamara da fitilarta, ya zuba a ciki ya rufe. Ya rage tsawon igiyar. Sai ya dube ni, ya kashe mini ido ya ce, "Bari mu cika umarnin gwamnati." Ya tattare bakin rigarsa ya ruga a guje ta tsakanin rumfuna, yana dariya, don ya ji ko jakar za ta riƙa dukan ƙugunsa.

Bai yi nisa ba wata mata ta ƙwalla ƙara. Ban san wanda ya fara cewa "An fara!" ba, amma kafin in ƙifta ido maganar ta zagaye kasuwar. A Jos ta wancan lokaci ba a tambayar mai gudu abin da ya koro shi, bin sa ake yi. 'Yan dako suka watsar da buhuna, kwandunan tumatir suka kife, masu shaguna suka shiga jan ƙofofin ƙarfe, mai jakunkunanmu ya tsallake tulin kayansa ya ɓace. Wani ya bangaje ni na faɗi cikin laka, takalmina ɗaya ya fita, ƙafafu na ta wucewa ta kaina. Ina kiran Baba amma ni kaina ba na jin muryata. Sai na ji an fizgi hannuna an ja ni ƙarƙashin wani tebur. Wata mata ce mai sayar da kabeji, ƙatuwa, da ɗan gicciye a wuyanta, kuma da na gan shi sai tsorona ya ninku, don na tuna dokar gidanmu. Ta danna kaina a cinyarta ta ja buhu ta rufe mu. "Yi shiru, yarinya," in ji ta da irin Hausarta. "Ka zo da wa? Mene ne sunanka?" Na datse haƙorana na ƙi magana. Ba ta sake tambaya ba, ta dai ci gaba da shafa bayana, ina jin zuciyarta na bugawa fiye da tawa.

Da hayaniyar ta ɗan lafa, sai wata iri ta taso daga gefe guda, ta maza masu fushi. Na leƙa ta ƙasan buhun. Baba na durƙushe cikin laka, hularsa ta faɗi, hannuwansa a sama. Samari riƙe da gora da katako sun yi masa zobe, suna cewa shi ne ya fara gudu, a tambaye shi wanda ya aiko shi. Wani soja ya ratso su, ya nuna jakar da bakin bindiga ya ce a buɗe. Baba ya sauke hannu ɗaya a hankali ya ɓalle maɓallin. Sojan ya zazzage ta, duwatsu suka zubo a gaban kowa. Wurin ya ɗauki "Kun gani! Kun gani!" Baba na cewa shi mai hoto ne, gwaji yake yi, amma ina kyamarar? Wa zai yarda cewa babban mutum da furfura a gemu zai cika jaka da duwatsu ya kama gudu a kasuwa don wasa? Na ga wani saurayi ya gyara riƙon gorarsa, na kuma ga idon Baba ba ya kan gorar, yawo yake cikin taron yana nemana.

Ban san lokacin da na fito ba. Na ratsa ta tsakanin ƙafafun mutane da takalmi ɗaya, na rungume wuyansa, na buɗe baki da iyakar ƙarfina na faɗi abin da aka hana ni faɗa: sunansa, sunana, sunan unguwarmu. Na ce babana ne, mai hoto ne, Umma ce ta ce ya sayi jakar da zai iya gudu da ita. Fitsari na bin ƙafata, ban ma damu ba. Sai na ji hannu a kafaɗata. Mai kabejin ce ta biyo ni, tana haki. "Oga, na gan shi da idona," ta ce wa sojan. "Yana dariya ne lokacin da ya fara. Mai mugun abu ba ya zuwa da yarinya." Sojan ya daɗe yana kallon duwatsun, ya kalle ni, sannan ya sauke bindigarsa ya daka wa samarin tsawa su watse. Ya ɗauki jakar ya jefa wa Baba a cinya ya ce, "Malam, garin nan yanzu ba a gudu. Ko kunama ce ta harbe ka, ka taka a hankali."

Baba bai tafi ba sai da ya bi rumfa rumfa yana ba da haƙuri, yana taya mata tsince tumatir daga laka, wasu na zaginsa, wasu na dariyar da ta fi kama da kuka. Mai jakunkunan ya dawo, suka ƙarasa ciniki ba wanda ya kalli idon wani. A cikin tasi ya ɗora ni a cinyarsa duk da jiƙaƙƙen zanena, ya riƙe hannuna har muka iso gida. Umma ta dube mu tun daga zaure, ta dubi gwiwoyin wandonsa, sai ta zauna a ƙasa.

Jakar ta yi masa shekaru tana aiki, amma unguwannin da yake shiga suka yi ta raguwa, har ya zama iyakarsa inda aka san fuskarsa. Mai kabejin kuwa ban sake ganinta ba, kuma har yau yana damuna cewa ita ta ji sunana, ni ban tambayi nata ba. Yanzu 'ya'yana da waya suke ɗaukar hoto, ɗari a yini, ba mai jiran a wanke, ba mai ɗaga fim a rana. Suna tsere a tsakar gida suna ihu, ni kuma sai in tsinci kaina ina leƙa titi kafin in tuna cewa wasa suke yi. Baba ya tsufa, gwiwoyinsa sun ƙi, da sanda yake zuwa masallaci. Wani lokaci in na ga yana lallaɓawa a bakin ƙofa, nakan yi kewar mutumin nan da ya tattare rigarsa ya kashe mini ido. Sau ɗaya tak na taɓa ganin Baba yana gudu, kuma da dariya ya fara.