Jirgin ruwa a bayan Shifa

Ni Bakano ne, babban ruwan da na taɓa gani dam ɗin Tiga ne, amma ni aka damƙa wa jirgin teku a tsakiyar Riyad. Abin dariya ko?

Jirgin katako ne na mahaifin kafil ɗina, wato ubangidan da ya ɗauko ni aiki nake masa tuƙi. Tsohon ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana ƙetarar da alhazai a cikinsa daga gaɓar Sudan. Da hukuma ta ce jirgin ya tsufa da shiga ruwa, sai ɗan ya sa aka ɗauko shi a tirela, aka girke a gidan shaƙatawarsu can bayan unguwar Shifa, a gefen gari, wai kayan tarihi ne.

Kafin zafi ya wuce katakan suka fara buɗe baki. Tsohon, daga kan kekensa na guragu, ya ce mini ƙishi jirgin yake ji. Na jawo tiyo na yi ta feshi kamar mai ban ruwan alayyahu.

"Ruwan daɗi? Kashe shi za ka yi!" Ya daka mini tsawa. "Gishiri, ya waladi, gishiri, ɗana!"

"To Baba, ina na ga teku a nan?"

Haka na riƙa sayo buhunan gishiri ina damawa a durom, ina watsawa da bokiti har hannuwana suka tsage. Shi kuma yana shafa katakon yana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Wallahi na so jirgin nan ya rayu, amma in na jiƙa da safe, kafin azahar ya bushe ƙayau.

Rannan kafil ya zo da kafintoci. Ya ce khalas, shi ke nan, ya gaji, za a fasa ƙofa a gefe, a shafa fenti, a zuba kujeru baƙi su riƙa shan gahawa a ciki. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma me zan ce? Iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar, a hannunsa take.

Da zarto ya kama katako, tsohon ya damƙi hannuna. Na zaci zai yi wa ɗansa faɗa. Ina! Cewa ya yi, "Juya ni."

Na juya keken ya fuskanci katanga. Ina tsaye a bayansa kafil ya ƙwala mini kira, wai in kwashe guntayen da aka yanke in kai murhu, yau akwai baƙi.

Na kwashe.