Hutun Azarɓaɓi

A filin sukuwa ba mai kiran mahaifina da sunansa na yanka. Sai-Ta-Huta suke ce masa, har masu sharar barga. Aikinsa horar da ƙananan dawaki kafin su shiga gasa, kuma tun ina ƙarama halinsa ɗaya ne. Da zarar duƙushi ya gane linzami, gudunsa ya fara daɗi, kowa ya sa masa ido, sai Baba ya cire masa takalman ƙarfe, ya rataye sirdi, ya sake shi a makiyayar bayan barga ya yi watanni yana birgima. Masu dawaki su yi ta kumfar baki. Shi kuwa ya ce ƙaramin doki ba ya ƙin gudu, zai ba ka duk abin da ka nema, amma ƙashinsa bai ƙosa ba tukuna.

Kullum da safe sai ya tsuguna ya bi ƙafafun dawakin da tafin hannu, daga gwiwa zuwa kofato, yana neman zafi. Mama takan ce da yana taɓa goshinmu haka, da zazzaɓi bai taɓa kayar da kowa a gidanmu ba. Sai ya yi dariya ya ce mu ai muna da baki.

Da tsufa ya kama, idonsa ya fara rufewa daga gefe-gefe. Ni na raka shi asibiti. Likita bai yi mana kwana-kwana ba, ya ce abin da ya tafi ba zai dawo ba, sauran ma ba zai kai baɗi ba. A lokacin 'yar goɗiya ɗaya ce ta rage a hannunsa, wata baƙa mai rawar kai da ya laƙaba wa Azarɓaɓi. Ya sha gaya mana bai taɓa riƙe irinta ba, kuma burinsa ya ga ranar da za ta fara fita fili. Gasar ƙananan dawaki ta matso, lokacin hutun Azarɓaɓi ma ya zo.

Mai goɗiyar mutumin kirki ne. Har gida ya zo ya ce, "Baba, a bar hutun nan bana. A sa ta a gasar, ka gan ta da idonka."

Ni ma na goyi bayansa, har da faɗa. Na ce, "Haba Baba! Sau ɗaya tak? Ba ta ɗingishi, ba ta komai!"

Ya ce, "Uwata, in na jira ta yi ɗingishi, ai na makara."

Washegari ya sa na riƙe masa ragama, ya cire mata takalman da hannunsa, yana laluben ƙusoshin. Wallahi haushi ya ishe ni, ina riƙe ina hawaye. Ya buɗe ƙofar makiyaya, ta fita a guje, wutsiya a sama, ba sirdi ba kowa a bayanta. Ya jingina da shinge yana juya kai don ya kamo ta da ɗan ganin da ya rage masa. Ya daɗe a tsaye a wurin.

Sai da shekara ta zagayo Azarɓaɓi ta shiga gasa. Lokacin ni ce idonsa. Na zaunar da shi kusa da shinge, aka saki dawaki, ina ta ihu ina ba shi labari, har ya dafa ni ya ce in rufe baki yana saurare. Ta uku ta zo. Na rasa yadda zan faɗa masa, ashe shi ba wannan ne a ransa ba.

Ya ce, "Kai ni wurinta."

Tana huci, jikinta duk kumfa. Ya ajiye sanda, ya tsuguna da ƙyar, ya bi ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, yana matsawa, yana jiran ta zabura. Ba ta zabura ba. Sai ma ta sunkuyo ta ture masa hula da hanci.

Ya ɗago fuska wajen da yake zaton nake, ya ce, "Garau suke, Uwata. To, yanzu gaya mini, ta yi kyau?"