Kwanon Bayan Rumbu

A gidanmu ba a cin tuwo a ware. Baffa, yayan Babanmu kuma mai gidan, yana ci da Baba a zaure. Matan gida suna ci a ƙofar madafa. Mu 'yan mata shida, ni da 'ya'yan Baffa, muna zagaye langa ɗaya a gindin turmi, kowa tana cin gabanta. Kaka ce kaɗai mai akushinta, ita ma ba ta gamawa sai ta kira wata jika ta sa mata hannu.

Sai Auta, ƙanwata. Ita a bayan rumbu take ci.

Shekarunta tara a lokacin, ni ina sha uku. Tun tana ƙarama ba ta jure ganin hannu ya shigo kwanon da take ci. Da an miƙo hannu sai ta toshe kunnuwa ta fasa ƙara, wani lokacin ta kifar da langar. Ba rowa ba ce, don ko an bar mata duka ba ta wuce loma bakwai. Ba ta kallon idon mutum, ba ta amsa kira. Magana kuwa sai dai ta maimaita abin da aka faɗa mata, da irin muryar wanda ya faɗa. Shi ya sa Inna ta ware mata ɗan kwano mai lanƙwasasshen baki, ni kuma aka ɗora mini kai mata. Nakan ajiye, in koma gefe in tsuguna har ta gama, don kada kaji su dame ta. Kafin in dawo gindin turmi an sha miya, an bar mini gayan tuwo. Daga baya na daina dawowa. Nakan ɗebi nawa a murfi in ci can, taku biyar tsakanina da ita, bayana a jikin danga.

Shekarun nan ne taki ya gagari gidanmu. Gero ya tsaya iya ƙugu, zangarniyarsa kamar ɗan yatsa. Baba ya koma dako a kasuwar Dawanau, yana fita da asuba. Tuwo ya koma sau ɗaya, a ci kafin magariba, abin da ya saura a yi ɗumame da safe. A irin wannan lokacin kowane kwano ana ganinsa, kuma aka fara ganin na Auta.

"Yarinyar da ba ta cin abinci da mutane," in ji Kaka, "ai da wasu take ci."

An yi mata rubutu, an yi hayaƙi har kayanmu suka ɗauki wari. Bai canja komai ba. Wata rana ina wanke-wanke na ji Baffa yana gaya wa Baba cewa da an gama girbin dawa zai kai ta gidan wani malami can arewa da mu, inda ake ajiye masu iska. Na san labarin gidan. Wata mata a ƙauyenmu ta dawo daga can, har yanzu akwai zoben fari a idon sawunta inda mari ya ci. Baba kuwa ba ya musu da yayansa. Inna ta ci gaba da tankaɗe kamar ba ta ji ba, amma garin yana zuba a ƙasa, ba a ƙwarya ba.

A daminar ne Inna ta fara fita aikatau, surfe da sussuka a gidajen masu hali. Kaka ta ce ƙafarta ba za ta iya bin Auta ba. Da aka koma makaranta sai na riƙa tafiya da ita. Nakan zaunar da ita a gindin darbejiyar da ke bayan ajinmu, inda nake hango ta ta taga. Takan wuni tana jera 'ya'yan darbejiya a layi, ɗanye da ɗanye, nunanne da nunanne. Lokacin tara 'yan ajinmu sukan tafi wajen mai awara, ni in tafi gindin bishiya. Da ma ni ba mai surutu ba ce. Yanzu kuma sunana ya koma yayar mai aljanu, wadda muke benci ɗaya ma ta matsar da jakarta.

Makarantarmu tana da ɗakin kwamfuta, mai ƙofar ƙarfe da sola a kan rufi. Guda shida ne a ciki, uku ke tashi. Sau ɗaya a mako ake kai mu, mu taru mu cika ɗakin, wata ta danna sauran su kalla. Malamar da ke riƙe da makullin daga birni take zuwa a motar haya. Ita ce wata rana ta tsaya a kan layin Auta, ta daɗe tana kallo, ba ta taka ko ɗaya ba.

"Ƙanwarki ce?"

"E, Malama."

"An kai ta asibiti?"

"An yi mata rubutu, Malama."

Ta ce ɗan yayarta haka yake. Ta ce likitoci suna kiran abin otizim, a rediyo kuma ta ji ana cewa galahanga, amma ba iska ba ce, haka Allah Ya halicci ƙwaƙwalwarsu, hayaniya da abin da ya zo ba zato suna yi musu ciwo kamar yadda ƙaya take yi mana. Ban gane duka ba. Abin da na riƙe shi ne ta ce in kawo ta ɗakin lokacin tara, sa'ad da ba kowa.

Ranar farko Auta ta tsaya a bakin ƙofa har aka buga ƙararrawa. Rana ta biyu ta shiga ta shafa madannai ɗaya bayan ɗaya. Rana ta uku Malama ta kunna mata wani gem, wasan jera tubala masu launi a cikin gidaje, in launi ɗaya ya cika layi sai layin ya ɓace. Ba wanda ya koya mata. Ta kalli hannun Malama sau biyu, ta ture shi, ta ci gaba.

Ina zaune a gefe ina kallon fuskarta, ba gilashin kwamfutar ba. Kafaɗunta da kullum suke a ɗage kusa da kunne suka sauka. Na lura da abin da ya bambanta na'urar da mu. Ba ta kallon Auta. Ba ta ɗaga murya. In ta yi daidai, ƙara ɗaya take yi, kullum ita ce. In ta yi kuskure ba a ce mata "ke wace irin yarinya ce", sai tubalin ya koma inda yake, ya jira. A gida ba abin da yake jiran Auta.

Bayan mako biyu Malama ta mayar da wasan na mutum biyu. A kusurwar gilashin akwai ɗan ɗigo. In ya yi ja, na Auta ne. In ya yi kore, nawa. Da na kai hannu kan linzamin kwamfutar karon farko sai ta fasa ƙarar nan da na sani. Na janye. Ta danna, ta danna, na'urar ta ƙi motsi, don ɗigon kore ne.

"Ba naki ba ne," na ce a hankali. "Kore. Nawa ne."

"Ba naki ba ne," in ji ta da muryata.

Kwana huɗu muna haka. A na biyar ɗigon ya yi kore, ta ɗauke hannunta ta ɗora a cinya. Na ajiye tubalina. Ya yi ja, ta ajiye nata. Muka cinye layi tare, ta yi wata 'yar dariya ta hanci. Shekara tara muna kwana kan tabarma ɗaya, ranar ce muka fara yin abu ɗaya ni da ita.

Wata 'yar ajinmu ta leƙo ta taga ta gani. Kafin la'asar labari ya isa gida, wai Auta tana hira da gilashi tana dariya.

"Ba na faɗa ba?" in ji Kaka. "Ta ƙi mu, ta samu 'yan'uwanta a cikin madubi."

Baffa ya ce daga gobe ba za ta ƙara bina ba. Inna ta ce to wa zai riƙe ta. Aka bar maganar, amma Baffa ya ƙara da cewa ai saura kaɗan. Dawa ta riga ta fara sunkuyar da kai. Kullum a hanyar makaranta nakan tsinki ƙwaya in latsa da farce. Da farko madara take fitarwa. Sannan ta daina.

Wata safiya ina kallon Auta tana cin ɗumame, tunanin ya zo mini. Ba hannun mutane take ƙi ba, tunda ta bar nawa a kan linzami. Abin da take ƙi shi ne hannu shida su shigo ba ta san na wa zai biyo na wa ba. Na tsinci jan murfin kwalba a bakin shagon ƙauye na wanke. Da yamma na juye tuwona a kwanonta, na zauna a gabanta, na ajiye murfin a gefenta.

"Ja. Naki ne."

Ta yi loma. Na jawo murfin gabana na sa hannu. Ta kifar da kwanon. Ranar nan da yunwa muka kwana, na ce wa Inna kaza ce ta yi tsalle.

Na gane laifina, ni na ɗauke mata murfin. Washegari na jira. Ta yi loma, ta haɗiye, ta zauna. Tuwon ya huce, miyar kuka ta yi fata a sama. Sai na ga ɗan yatsanta ya turo murfin, a hankali, har ya taɓa gwiwata. Na yi loma ƙarama, na mayar mata. Haka muka cinye. Ban gaya wa kowa ba. Ban san yadda ake fara magana a gaban manya ba, kuma ina tsoron in an taru kallo ta fasa.

Ranar da aka kawo damin dawa na ƙarshe, Baffa ya ce jibi za su tafi. Inna ta wanke kayan Auta kala biyu ta shanya, ba ta kalli kowa ba. Da yamma muna bayan rumbu muna ci, sai ga Kaka da sandarta, tana neman inda kazarta take ɓoye ƙwai. Ta tsaya. Hannuna yana cikin kwanon, na kasa fitar da shi.

"Ke mai idon mujiya," ta ce mini, "me nake gani?"

"Tuwo muke ci, Kaka."

"Na ga ba dambu ba ne. Tun yaushe?"

"Kwana goma sha ɗaya."

"Kuma bakinki ɗinke yake? Matsa, uwar shiru."

Ta daɗe kafin ta kai ƙasa, gwiwoyinta suna ƙara. Ta goge hannu a zani za ta kai kwano, na riƙe mata wuyan hannu. Ban taɓa riƙe hannun babba ba.

"Sai ta ba ki murfin, Kaka."

"Murfi? Yau kuma sai da tikiti ake cin tuwo a gidan ɗana?"

Na yi loma na mayar wa Auta. Ta ci. Ta ɗauki murfin ta riƙe a tafin hannu, tana kaɗa jiki gaba da baya. Wasan da ta sani na mutum biyu ne, ba a taɓa yin na uku ba. Ina jin Inna tana kakkaɓe tabarma a tsakar gida. Kaka ta jira. Can Auta ta ajiye murfin a gaban yatsun ƙafar Kaka, ba ta kalle ta ba.

Kaka ta yi bisimilla ta yi loma. Ba ta gama haɗiyewa ba ta sake miƙa hannu, yadda ta saba shekara da shekaru.

"Ba naki ba ne," in ji Auta.

Ba wanda ya faɗa kafin ita. Kuma ba muryata ba ce.

Kaka ta tsaya da hannu a sama. "Ji 'yar banza! Ni za ki koya wa cin tuwo?" Tana dariya tana goge ido da bakin ɗankwali. Ta tura murfin gabana da kanta. Muka zagaya sau huɗu, kwanon ya ƙare.

Ba ta wanke hannu ba ta dogara sanda ta nufi zaure. Ina laɓe a bayan danga na ji ta.

"Yarinyar nan ba inda za ta."

Baffa ya fara cewa ai an riga an yi magana da malam.

"To a warware. Yanzu na tashi daga kwano ɗaya da ita, ga miyar a hannuna. Wadda na ci kwano ɗaya da ita ba za a sa mata mari ba ina numfashi."

Baffa ya ce to a bari a ga baɗi. Baɗi ta zo, ba wanda ya tayar da maganar. Inna kuwa tun a daren nan ta kwashe shanyarta ta mayar cikin akwati.

Ba a daɗe ba batiran sola suka mutu, ba a kawo wasu ba. Aka yi wa Malama canjin makaranta ana tsakiyar hutu, ban samu na yi mata sallama ba, ba ta kuma san abin da ya faru a bayan rumbu ba. Auta ta yi wata guda tana zuwa ta tsaya a ƙofar ƙarfen nan, tafin hannunta a kan kwaɗon. Daga baya ta koma gindin darbejiya.

Ban koma langar 'yan mata ba, su ma ba su kira ni ba. Kaka takan zo ranar da ƙafarta ta yarda. Sauran ranaku mu biyu ne. Murfin ya koɗe, jansa ya kusa fita duka, na kawo sabo ta ƙi karɓa. Kullum bayan cin abinci takan wanke shi, ta sa a wani rami a jikin rumbun, daidai tsayin kafaɗarta.