Ranar da Noti Ya Cije Ina Naƙuda

Ko zan manta komai na zamanmu a Nasarawa, nan Kaduna, ba zan manta wata Asabar ta damina ba. A ranar ne maza uku masu hankali da shekaru suka taru a kan noti guda ɗaya tun hantsi har bayan azahar, ni kuma ina bayan labule ina naƙudar fari, na kasa buɗe baki in faɗa.

Cikina ya shiga wata tara a lokacin. Bisa al'ada da tuni ina gidanmu a Zariya goyon ciki, amma jinina yana hawa, likita ya ce in zauna kusa da asibitin da nake awo. Motar maigidana kuwa tsohuwa ce, irin wadda in ta faɗa rami sai ta yi ta rawa har ta kai rami na gaba. Ranar awo na ƙarshe ta buga kaina da rufi har na yi ƙara. Nan ya rantse ba zan ƙara shigarta ba sai ya canza shokazoba na baya, wato ƙarafan nan biyu da ke shanye girgizar hanya. Niyyarsa mai kyau ce, ban taɓa musun wannan ba. Kuskurensa ɗaya, ya faɗi maganar a gaban mahaifinsa.

Surukina, wanda muke kira Baba, ya yi rayuwarsa yana gyaran injuna a masaƙa a Kakuri kafin a rufe ta. Tun daga lokacin duk abin da ke da ƙarfe a jikinsa bai tsira daga hannunsa ba. Ya gyara mana fanka har ta daina juyawa, ya gyara dutsen guga har ya koma ba ya zafi. Da ya ji za a kai mota gareji sai ya ɓata rai.

"Ina raye za ka kai wa kanikawa noti huɗu? Su karɓi sabon ƙarfe su saka maka tsoho? Sayo kayan, ranar Asabar ina zuwa."

Ya zo kuwa, da akwatin sifanunsa ɗaure a bayan babur. Wurin da ke da siminti a gidan shi ne bakin get, don haka a nan suka tsayar da motar, rabinta a ciki rabinta a waje, ba wurin wucewa sai ɗan lungu ta gefe. Suka ɗaga ta da jak, suka cire tayoyin baya biyu, suka ɗora ta a kan bulo. Noti uku suka kwance ba gardama, har na ji Baba yana dariya yana cewa aikin yara ne. Na huɗun, na ƙasa ta ɓangaren dama, wanda ya sha ruwan kwata da taɓon unguwarmu shekara da shekaru, shi ne tsatsa ta haɗe shi da ƙarfen da yake ciki. Aka ja, aka murɗa, ko motsi.

Daidai lokacin ne na ji wani abu ya ɗaure mini baya ya zagayo mara. Na ce wataƙila wainar da na ci ce. Ya sake ni, ya dawo. Da ya dawo karo na huɗu na san ba waina ba ce.

Wanda bai tashi a irin gidanmu ba zai ce ai magana ɗaya ce, ki leƙa ki faɗa. To ni an tarbiyyantar da ni a kan cewa cikin fari ba a ambatonsa. Wata tara ina yawo da ciki kamar tulu, amma a gaban Baba ni da shi duk mun nuna ba mu san da shi ba. In ya zo, daga bayan labule nake gaishe shi. Yanzu a ce in fita in tsaya a kansa in ce haihuwa ta zo? Bakina ya ƙi. Na ɗauki waya na kira maigidan, sai na ji tana ƙara a kan kujerar da ke kusa da ni.

Na ja jiki zuwa ƙofa, na yi gyaran murya. Ƙafafun mijina kawai nake gani sun leƙo daga ƙarƙashin mota.

"Ana magana a ciki," na ce, don ba zan kira sunansa a gaban ubansa ba.

"Hannunsa na kan sifana," in ji Baba, bai ko ɗago ba. "Yanzu za mu gama. Miƙo mana kalanzir."

Na miƙa kalanzir. Aka zuba, aka jira, aka ja, shiru. Bayan kalanzir aka nemi man ja. Bayan man ja aka zuba man birki. Duk abin da aka aike ni na kawo, ina tafiya ina dafa bango, in ciwon ya taso in tsaya a madafa in cije gefen zanena har ya lafa. Yau in na tuna ina jin haushin kaina fiye da yadda nake jin nasu.

Ana cikin haka maƙwabcinmu ya shigo. Dattijo ne ɗan Filato da ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, unguwa duk Baba Reluwe ake ce masa. Ya durƙusa ya leƙa, ya girgiza kai irin na likitan da aka kira a makare.

"Alhaji, wannan ba aikin masaƙa ba ne. Wannan hebi duti ne, aikin manyan ƙarafa. Mu a reluwe notin da ya fi kaina girma muke kwancewa. Dogon fayif ake sa wa sifana."

Ya fita ya dawo da wani dogon bututun ƙarfe. Aka zura sifana a ciki. Mijina ya riƙe kan sifanar a jikin noti, tsofaffin biyu suka kama bututu. Kafin a ja sai gardama ta tashi a kan ina ne hagu. Baba ya ce sama za a ɗaga, Baba Reluwe ya ce tunda notin yana kallon ciki ƙasa za a danna. Kowa ya kawo shekarun aikinsa ya ajiye a matsayin hujja. Daga ƙarshe aka yi adalci, aka gwada duka biyun. A na biyun ne Baba Reluwe ya hau bututun da ƙafa biyu, sifana ta zame, ya zauna daɓas a cikin ruwan kwata. Da aka duba, kan notin ya cinye, kusurwoyinsa sun goge ya zama kamar kwabo.

Wannan bai karya musu gwiwa ba. Aka koma guduma da kurfi. Kowane bugu sai in ji shi a tsakiyar bayana. Baba Reluwe ya ce lemon kwalba baƙi yana cin tsatsa, aka fasa wanda na ajiye wa baƙin barka aka tsiyaya, ragowar suka raba suka sha. Aka yi sallar azahar, Baba Reluwe kuma, da yake Kirista ne, ya zauna gadin notin kamar zai gudu. Da suka dawo shawara ta tsaya a kan wuta, wai in ƙarfe ya yi ja zai saki. Tankin mai yana nan kusa da hancinsu, amma ba wanda ya ambace shi.

"A kawo ɗan ƙaramin gas ɗin nan na girki," in ji Baba.

Ina riƙe da tukunyar gas a bakin ƙofa ciwon ya zo mini da wani irin ƙarfi da bai yi ba a baya. Na ajiye ta, na rungume ƙyauren. A haka matar Baba Reluwe ta same ni. Tsohuwar nas ce, Mama muke ce mata, ta zo ne neman bututun da aka zare daga igiyar shanyarta, kayan wankinta duk suna ƙasa. Ta buɗe baki za ta yi wa mijinta faɗa, sai idonta ya faɗa kaina. Ta matso ta dafa cikina, ta dubi agogon hannunta, ta jira har wani ya sake tasowa.

"Amarya, tun yaushe?"

"Tun hantsi," na ce a hankali.

Ta juya wajen mazan, da muryar da duk layin suka ji.

"Ku ajiye guduman nan. Yarinya tana leba tun safe, ku manya uku kuna kokawa da ƙarfe. Haihuwa za ta yi, yanzu yanzu."

Mijina ya yunƙura zai tashi, ya manta a ƙarƙashin mota yake, goshinsa ya daki ƙarfe. Baba ya juya fuska ya kalli katanga. Baba Reluwe ya ce a mayar da tayoyi, sai aka tuna tsohon shokazoban dama an kwance samansa yana reto, ƙasansa kuma ya ƙi fita. Motar da aka buɗe domin ni, ga ta a kan bulo ta tare ƙofa. Ta ɗan lungun gefe Mama ta fitar da ni a karkace, cikina yana gogar madubi, na wuce ta gaban surukina da zane a jiƙe. Duk kunyar da na yi wa gadi tun safe a nan ta zube.

Keke mai ƙafa uku aka tsayar. Ni da aka ce girgizar mota ta yi mini yawa, sai ga ni a abin da bai san ma ana shanye girgiza ba. Mama tana riƙe da ni tana addu'a da sunan Yesu, ni ina salati, mai keke yana cewa mu yi haƙuri da hanya. Mijina yana gaba a gefen direba, baƙin mai har gira, goshi a kumbure.

A asibiti dariya ta ƙare. Suka auna jinina suka kalli juna. Ba a jima ba yarinyar ta fito, cibiya naɗe a wuyanta, jikinta ya yi wani irin launi, kuma ba ta yi kuka ba. Na ga an ɗauke ta da sauri zuwa wani tebur, na ga bayan Mama da na ungozoma sun rufe ta. Ban san tsawon lokacin ba. Na dai san na yi wa Allah alkawura da yawa. Sai na ji wani ɗan siririn sauti kamar na mage, sannan kuka sosai. Likitar da ta duba ni ta ce mini da mun ƙara jinkiri kaɗan, da wani labarin ake yi, ta kuma tambaye ni me na zauna yi a gida.

Washegari aka kira bakanike. Mijina ya ce mutumin ya sa jak a ƙarƙashin ƙafar motar ya ɗan ɗaga don nauyi ya sauka daga kan notin, ya walda wani noti a kan wanda ya cinye, ya fara ɗaure shi kaɗan kafin ya kwance. Kafin shayinsa ya huce ya gama. Baba Reluwe har yau yana cewa su suka sassauta masa.

Ana gobe suna Baba ya zo. Ya tsaya a bayan labule yadda muka saba, na gaishe shi ya amsa. Na ɗauka zai wuce, sai na ji bai motsa ba.

"Tun da kika kawo man ja na ga yadda kike dafa bango," ya ce. "Na gane. Na yi ta jira ki faɗa wa mijinki, don ni ba zan iya tambayarki ba. Ki yafe mini."

Na daɗe ina kallon labulen. Ashe mu biyu ne muka sani, kowa yana gefensa yana ladabi, rai yana neman salwanta a tsakaninmu. Sai na fashe da kuka, shi ma na ji yana jan hanci.

Abin da ranar ta koya mini ke nan. Kunya ado ce, har yanzu ina yi wa manya, amma ba a yin ta da ran mutum. Yarinyar tana sakandare yanzu, kuma tun tana ƙarama na koya mata cewa in wani wuri yana mata ciwo ta faɗa da ƙarfi, da sunan wurin, ko gaban wa take. Wasu suna cewa ba ta da kunya. Ni kuwa in na ji muryarta ta cika gida, sai in gode wa Allah da na ji ta.