Wanda Ƙarfe Ya Take

Mutanenmu na Dutse ba abin da ke hana su cin goro. Da aka ce Nasara sun ci Kano, wani dattijo a unguwar Limawa cewa ya yi to, Allah ya kyauta, ya ci gaba da tufkar igiyarsa. Da aka ce sun kafa waya mai kai magana, dariya aka yi. Ni ma a cikin wannan hali na tashi, kuma har yau haushinsa nake ji.

A shekarar da ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, dagaci ya kwashi samari aikin dole, har da yayana, ɗan farin innarmu. Mu asalinmu makiyaya ne, kuma a wajenmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane. Damina ta wuce, waɗansu suka dawo, shi shiru.

Wata ranar kasuwa na kai akuya sayarwa, na zauna kusa da inna a gindin dabino inda take sayar da nono. Wani farke da ya fito daga Kano ya tsuguna ya sayi fura. Yana sha yana ba mutane labarin wani ƙarfe mai haɗiyar wuta yana aman hayaƙi, wai ya fi doki gudu kuma ba ya cin ciyawa. Aka yi ta tsokanarsa, wani ya ce a sayo masa ɗaya ya riƙa kai taki gona.

Sai farken ya ce ai ƙarfen har mutum ya take. Wani dogon saurayi ne cikin 'yan aikin, mai cindo a hannun hagu, an ce ma daga wajejen nan yake.

"Shi kuma me ya kai shi gaban abin?" in ji wani mahauci da ke gefe. Aka sake dariya, aka koma zancen tsadar gishiri.

Yayana dogo ne, kuma yana da cindo a hagu. Na dubi inna. Ludayi na hannunta, tana dama wa wani fura, ba ta ɗago ba. Mutumin da ya san amsa yana gabanta, kunya ta ɗaure mata baki. Ni kuma tsoro ne ya kama ni, ban so in ji ba. Farken ya suɗe ƙwarya ya kora jakunansa.

Sai da kasuwa ta fara watsewa ta kira ni, murya ƙasa-ƙasa.

"Bi baƙon nan. Ka tambaye shi ko mutumin an yi masa salla."

Iyakar abin da ta iya tambaya ke nan. Na cim masa bayan unguwar Takur yana gyara kaya. Da ƙyar ma ya tuna zancen. Ya ce shi bai gani ba, a bakin wani ya ji, wanin ma ji ya yi. Suna kuwa, wa ke tambayar sunan lebura?

Na dawo gida da yamma na faɗa mata yadda muka yi. Ta ce to. Ba a yi zaman makoki ba, don ba wanda ya ce yayana ya mutu. Ta ɗauki ƙwarya ta nufi garke, ta tsuguna tana tatsar saniyarsa.