Jinin Inna Mai Wanki

Shekara ashirin da uku Inna ta yi tana wanki a bayan asibiti, a wani dogon ɗaki mai inji uku, biyu na aiki, ɗaya ya zama ma'ajiyar bokitai. Da wankin nan ta riƙe kanta bayan rasuwar mijinta, da shi ta raini 'yarta tilo har ta aurar da ita ga wani makaniki a ƙasar maƙwabta. Sabulu da ruwan magani sun cinye mata zanen yatsu, har na'urar dangwale ta daina gane ta.

Da korona ta ɓarke karo na biyu, zannuwan gadon ɗakin killacewa wurinta ake kawo su a jar leda. Wata na biyu ta kwanta ciwo. Ta buga waya ofis, suka ce kayan gwaji sun yi kaɗan, na likitoci ne da waɗanda aka ba gado, ta zauna a gida ta yi ta shan ruwa. Ta zauna. Sati uku tana numfashi kamar mai hawan bene da buhu a ka, sannan ta miƙe ta koma bakin injinta. Ba wanda ya zura mata tsinken gwaji a hanci, ba wanda ya rubuta ko harafi.

Bayan wata huɗu 'yar ta kira. Cikin fari ne, jaririn ya kwanta a gicciye, likita ya sa ranar tiyata nan da sati shida. "Inna, tsoro nake ji. Ki zo."

Hutun Inna kwana goma ne. Wanda ba shi da takardar shaidar warkewa kuwa, kwana goma sha huɗu ake killace shi a bakin iyaka. Allurar rigakafi ma layin bai iso kan masu wanki ba. Sai ta je aka ɗebi jininta. Mai gwajin ya duba ya yi dariya. "Inna, ai jininki cike yake da sojojin jiki. Kin yi cutar nan, kin kayar da ita."

Ta kai sakamakon ofishin takardun tafiya, ta tura wa ma'aikaciyar ta ƙasan gilashi.

"Wannan ba ya aiki, Inna. Gwajin hanci na lokacin da kike ciwon muke karɓa."

"'Yar nan, lokacin an ce kada in zo."

"Jini ba ya nuna ranar da aka kamu. Haka doka ta ce."

"To ni na san ranar. Laraba ce, ina shanya."

Ma'aikaciyar ta kira na baya.

Ni mai ba ku labarin, abin nan yana ci mini rai har gobe. Matar da aka ce ta haƙura ta bar wa wasu kayan gwaji, ita ce yau ake tuhuma don ba ta da takarda. Da ta yi taurin kai ta je ta zube a ƙofar asibiti tana kururuwa, da tuni ta ɗaure kayanta.

Inna ba ta yi karatu ba, amma ta iya lissafin kwana. Idan ta sake kamuwa yanzu, za a gwada ta, a rubuta, ta warke kafin ranar tiyatar. Washegari ta kwance jar leda, ta cire safar hannu, ta sauke takunkumi zuwa haɓa, ta tusa fuska cikin zanin gadon wani da ba ta sani ba, ta ja numfashi. Kwana biyar tana haka, matar da ko kofin wani ba ta shan ruwa da shi. Sannan ta ƙirƙiro tari ta je aka zura mata tsinken.

Sojojin da ofis ya ƙi yarda da su sun tsare ƙofa tsaf. Mai gwajin ya miƙo mata takarda yana fara'a.

"Barka, Inna! Lafiyarki ƙalau, ba ki da komai."

Ta tsaya a baranda riƙe da takardar, wayarta na ruri a jaka. Ta san mai kiran, ta kuma san abin da za a tambaye ta.