Gadar Abdussalami

Abdussalami ɗan Almu mai yin bulo ne, a ƙauyenmu kusa da garin Hajj Abdalla. Malamin makaranta ne ya matsa wa Almu ya bar shi ya wuce Wad Madani, daga can ya tafi Khartum karatun injiniya. Tun bai gama ba muke kiransa muhandis, wato injiniya.

A shekarun saba'in aka ba ofishin da ya kama aiki kwangilar gada a kan babbar tur'a, magudanar da ke kai ruwa gonakin auduga. Mun daɗe muna zagaye mai nisa kafin mu kai kasuwa. Lokacin kwamfuta ta shigo, inji ne cike da ɗaki, ana ba ta lissafi a kan kati mai huji. An saba nuna mata ginshiƙin gada a matsayin sanda siririya, ta auna nauyin da zai ɗauka. Abdussalami bai gamsu ba. Ya sami shugabansa, Jibirin, ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ginshiƙi gajere ne mai kauri. Ina so in nuna mata shi da jikinsa duka."

Jibirin ya ce, "Zai ci lokaci. Amma gwada."

Ya zana ginshiƙin, ya yayyanka shi ƙanana a takarda, kowane yanki da lambarsa. In ya kuskure huji ɗaya, injin ya dawo masa da komai, ya sake.

Yana cikin wannan aiki ya zo gida Babbar Sallah. Almu ya tambaye shi, "Wai me kake yi a can?"

"Baba, bulo nake jerawa a takarda. Injin yana tambayar kowanne irin nauyin da ke kansa."

Almu ya ce, "To, aiki ne." Da yamma na ji shi yana maimaita wa mutane a ƙofar masallaci, har da ƙari.

Da sakamako ya fito, ginshiƙin lafiya lau yake, sai kusurwar da ya zauna a kan tushe. Nan nauyi zai riƙa jan kankare, wata rana ya tsage. Aka ƙara ƙarfe a wurin. Jibirin ya sa hannu, ya kuma ce Abdussalami ya koya wa sauran injiniyoyin ofis.

Ranar buɗe gadar Abdussalami ba ya nan, an tura shi Damazin wani aikin. Mahaifiyarsa Raliya ce ta je. Wani direban lori ya ce ta hau gaba a ƙetara da ita, ta ƙi. Ta taka da ƙafarta, matan unguwa na biye, ta tsaya a tsakiya ta leƙa ruwa. Wata Balarabiya mai sayar da shayi ta tambaye ta abin da take nema.

Raliya ta ce, "Aikin ɗana nake dubawa."